Manu Dillali da Baƙinsa Ɗari Uku na Cikin Waya

Ranar da abin ya faro Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Tun da hantsi zafi ya danne gari, ko ganye ba ya motsi. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk, kafin a gama kwance dabbobi ruwa ya kece. Shi ne ruwan farko na waccan shekarar, yau shekara uku ke nan. Kasuwa ta watse, kowa ya ruga rumfar da ta fi kusa da shi. Manu ya faɗo tawa, rigarsa sharkaf, waya tana ta tsuwwa a aljihunsa kamar ɗan tsako.

Ni igiya nake sayarwa a bakin kara, inda ake cinikin shanu, kuma na san Manu tun gemunsa yana baƙi. A wata ruga ta wajen Sule Tankarkar aka haife shi. Da aka yi fari, rashin ruwa ya cinye shanun mahaifinsa, sai ya shigo gari, ya zama dillali, daga baya ya zama mai masauki. Fataken Damagaram a zaurensa suke sauka, tuwonsa suke ci, shi ne yake tsaya musu a kasuwa. Shekara arba'in yana wannan aiki, ban taɓa ganin an ci wa baƙonsa fuska yana zaune ba. Boko kuwa ko sunansa ba ya iya karantawa. Babbar wayar nan wani falke ne ya ba shi kyauta, kuma abu biyu ya sani a cikinta: inda ake dannawa a ji murya, da inda ake riƙewa a tura murya.

Ya miƙo mini ita ya ce, "Ilu, duba mini abin nan. Tun safe yake kuka."

Ni na ɗan yi yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi a hankali. Na ga an rubuta, "Yanzu kai ne admin." A ƙasa kuma mutane suna ta zuba magana. Wani ya ce, "Wane ne wannan tsohon mai bijimi?" Wani ya ce, "Shi ke nan, Siddiq ya gudu ya bar mu a hannun makiyayi."

Ba mu gane komai ba sai da Mansura ta dawo bayan la'asar. Ita ce autar Manu, tana aikin rubuta sunayen marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gumel, kullum ta je ta dawo. Likitan wurin ya sayo komfuta, ya ce mutum ɗaya zai riƙe a teburin, ga shi su biyu ne. Mansura ta ce masa ita za ta iya koya wa komfutar ta riƙa fito da sunayen yaran da ranar allurar rigakafinsu ta yi. Ya ba ta zuwa Laraba. In abin ya yi, tebur nata ne. In bai yi ba, ta koma gida.

To wayarta ƙarama ce, ba ta shiga ko'ina. Don haka da ta babanta ta shiga wani guruf, wato zauren hira na cikin waya, na masu koyon rubuta wa komfuta umarni, da wani yare da suke kira Fayton. Wani Siddiq ɗan Gagarawa Tasha ne ya kafa shi. Faɗan mutane ya ishe shi, ya fita bai naɗa kowa ba, na'ura ta zaɓi lamba ɗaya ta ɗora mata shugabanci. Lambar Manu ce.

Ta karanta mana dokokin da Siddiq ya bari. Ba a gaisuwa. Ba a tura murya. Ba a maimaita tambayar da aka riga aka yi. Mai tambaya ya nuna abin da ya gwada.

Manu ya ce, "Koma ta farkon."

"Ba a gaisuwa."

"To da me ake shiga?"

"Tambayar kawai ake yi, Baba."

"Ko ɓarawo in kuka yi kiciɓis a ƙofa yana cewa sannu."

Sai ta nuna mana abin da ya hana ta barci kwana biyu. Ta rubuta, "Salamu alaikum, don Allah nawa ya ƙi aiki, ku taimaka." Wanda ya fi kowa sani a wurin, wani Abdulbaqi, ya ga hoton Manu riƙe da ƙahon bijimi a jikin lambar, ya amsa da cewa, "Me ya ƙi aiki? Mota ko rijiya? An yi irin wannan sau ɗari, ka bincika. Karanta dokoki, Baba, ko ka koma kiwo."

Na zaci Manu zai fusata. Sai kawai ya ce, "Admin ɗin nan, mene ne aikinsa?"

"Shi ke shigar da mutum, shi ke korarsa. Wurin a hannunsa yake."

"Wato maigida."

"Kusan haka."

"Su nawa ne a ciki?"

"Ɗari uku da arba'in da ɗaya."

Ya shiga matse bakin rigarsa. Can ya ce, "Ban taɓa saukar da fiye da mutum goma sha tara a lokaci ɗaya ba."

Mansura ta roƙe shi ya miƙa wa wani wanda ya san kan abin. Ya ce shi bai taɓa tura baƙonsa gidan maƙwabci ba, kuma ba da furfura zai fara ba.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya shimfiɗa buzu a zaure. Ya sa Mansura ta rufe ƙofar guruf, wato ta yi yadda ba mai iya magana sai shi. Tana karanta suna, yana riƙe wurin murya yana gaisuwa. "Sannu da zuwa Malam Wane. Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida? Ya ruwan jiya, ya kai wajenku?" Wasu ba sunan kirki gare su ba, akwai Dodon Komfuta, akwai Ba Wasa, duk ya gaishe su da Malam a gaba. Waɗanda ba su sa suna ba ya gaishe su da lambarsu tun daga sifiri har ƙarshe. Aka yi la'asar ana yi, aka dawo aka ci gaba. Mutum arba'in suka fita kafin ya kai tsakiya, shi kuwa duk wanda aka ce ya fita sai ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Da ya gama ya ce baƙo ba ya zama ba ruwa. Ni na riƙe ƙwaryar ruwa, Mansura ta ɗauki hoto, aka tura musu.

Sannan ya faɗi dokarsa ta farko: ba tambaya, ba amsa, sai an kwana uku.

Mansura ta miƙe tsaye. "Baba, Laraba fa!"

"A gidana ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya huta."

"Ni ba baƙuwa ba ce, 'yarka ce."

"A nan zaure 'yata ce ke. A can ciki baƙuwa ce. In na ɗaga miki, na ɗaga wa ɗari uku."

Ta shige gida. Asabar da Lahadi bai yi wani aiki ba sai leƙa su safe da yamma yana tambayar yadda suka kwana da yadda suka wuni, alhali ba mai ikon amsawa. Ya ce mini bai taɓa samun baƙi masu natsuwa irin waɗannan ba.

Ran Litinin ya faɗi doka ta biyu, ita ma daga kara ya ɗauko ta. A cinikin shanu ba a shelar farashi. Dillali yakan ja mai saye gefe, ya ja mai sayarwa gefe, don kada wani ya ji kunya a gaban jama'a. Saboda haka mai tambaya zai raɗa wa Manu shi kaɗai, shi kuma ya kai wa masani, ya dawo da amsa. Mansura ta tafi aiki, karatu ya faɗo kaina. Na rufe rumfata na zauna ina fama da rubutun da rabinsa ƙugiyoyi ne da ɗigo-ɗigo. Ina karantawa, Manu yana kaiwa da baki.

Kuma ba ya kai tambaya haka kawai, sai ya yi mata kwalliya yadda yake yi wa karsana. "Malam Abdulbaqi, ga wata na kawo maka. Lafiyayya ce, sabuwa fil, ba a taɓa fita da ita ba. Mai ita mutumin kirki ne, ni na tsaya masa. Ya ce nasa ya fito da jan rubutu, ga ƙugiya biyu a gaba, ɗaya a baya."

Abdulbaqi ya rubuto, "An yi ta sau tara."

"To ai ka ga ta saba da hannu, ba za ta ba ka wahala ba. In cikakkiyar amsa ta yi maka yawa, ba shi rabi, ya ƙarasa da kansa."

Abin mamaki, ya ba da rabin, mai tambaya kuma ya ce ta ishe shi. Manu ya sa albarka, ya ce su yi musafaha a zuci.

Da yamma Mansura ta dawo, aka zo kan tata. Manu ya kai ta da yabon da ya fi na kowa. Amsa ta zo gajeriya, na karanta masa: "Ta ce ya ƙi aiki. Ban ga abin ba, ban ga inda ya tsaya ba. Ni ba boka ba ne. Kada a sake turo mini murya."

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Yaron nan ba shi da ladabi ko na kobo, amma yana da gaskiya." Ya juya wajen 'yarsa. "Ina abin da ya ƙi aikin?"

"Yana cikin komfuta, komfuta tana asibiti. Ba a fita da ita."

"Wato kin zo kasuwa kin bar saniyar a gida, kina so a yi mata kuɗi daga bakinki. Ni ma da zan kore ki. Sai dai ni zan gaishe ki tukuna."

Muka tambaya aka ce mana Abdulbaqi a Ɗanzomo yake zaune. Talata da sassafe muka shiga mota mu uku zuwa Gumel. Likita ya ce komfuta ba ta fita. Manu ya jingine sandarsa ta dillanci a jikin teburin, wadda ba ya rabuwa da ita ko masallaci, ya ce a riƙe ta har su dawo. Likita ya dubi sanda, ya dubi komfutarsa, ina jin kunyar furfura ce ta kama shi, ya ce a dawo da ita kafin magariba. Manu ya naɗe ta da bargo, ya karɓi igiya a wurina ya ɗaure, muka hau babura biyu zuwa Ɗanzomo. Ya sayi goro a tasha.

A gidan, wata dattijuwa muka fara samu tana tankaɗe a tsakar gida, Asama'u, mahaifiyar Abdulbaqi. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ajiye rariya ta ɗaga murya.

"Kai Abdulbaqi! Fito nan! Ashe zaman da kake yi a ɗaki dattawa kake korawa kiwo?"

Ya fito, siriri mai tabarau, da gajeren wando, ya haura talatin. A ɗakin nan yake yi wa mutanen wata ƙasa aiki, ga faifan sola a kan rufi. Ya ce, "Iya, ban san dattijo ba ne na gaske. Na ɗauka hoton wasa ne."

"Durƙusa."

Ya durƙusa. Manu ya ja gaisuwar nan har inda ta ƙare, bai bar gajiya ba, bai bar aiki ba, har awakin gidan ya tambaya. Kowace amsa sai Abdulbaqi ya saci kallon ƙunshin bargon. Da aka gama Manu ya kwance igiya ya ce, "Ga ta nan. Duba haƙoranta, sa ta ta yi tafiya."

Abdulbaqi ya kunna, ya danna, rubutu ya gudana ya tsaya cak. Ya matso da fuskarsa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ranar haihuwa," ya karanta da ƙarfi, "ranar da motar gero ta faɗi a kwanar Gagarawa Tasha. Malama, wannan mene ne?"

Mansura ta ce, "Abin da uwar yaron ta faɗa mini ke nan."

"Komfuta lamba take so. Rana, wata, shekara."

"To uwar ba ta da lamba. In ƙirƙira mata?"

Ya gangara ƙasan jerin sunayen. Wani an haife shi kwana biyu bayan an yi ruwan ƙanƙara. Wata kuma an haife ta ranar sunan jikan Rabi mai ƙosai. Wani kuma a makon da ɓauna, in ji uwarsa, ta shigo gonar liman, wadda daga baya aka gano bijimin wani ne. Guda ashirin da uku ne irin haka a cikin yara ɗari da 'yan kai. Duk lokacin da komfuta ta iso ɗaya sai ta tsaya ta ƙi gaba.

Cikin minti biyar Abdulbaqi ya gyara, ya sa ta riƙa ware waɗannan gefe tana wucewa. Mansura ta ce likita duka yaran yake so, kuma waɗanda iyayensu ba su san rana ba su ne suka fi tsallake allura. Ya ɗaga hannuwa ya ce nan ilminsa ya ƙare, ba wanda zai iya sanin ranar da motar gero ta faɗi.

Manu yana ɓare goro ya ce, "Talata ce."

Duka muka dube shi.

"Bara, mako biyu bayan babbar salla. Baƙona na Damagaram yana bayan motar, ya iso da gero a cikin takalmansa. Kwana biyu kafin kasuwa. Talata."

Abdulbaqi ya buɗe kalanda, ya ƙirga da yatsa, ya rubuta lamba. Ya ce, "Ruwan ƙanƙara fa, Baba?"

"Na ina? An yi na Maigatari, an yi na wajen Sule Tankarkar, tsakaninsu kwana tara."

Haka suka yi ta yi, ɗaya yana tuno kasuwanni da sallolin da ke gefensu, ɗaya yana mayar da su lamba. Asama'u ta bar tankaɗenta ta matso, ita ta ba da sunan jikan Rabi, don ta je bikin kuma har yau tana jin haushin ƙosan da aka ba ta. Kafin azahar an samu goma sha bakwai. Saura shida, ba wanda ya sani a cikinmu.

Abdulbaqi ya ce, "Baba, mutanen guruf daga ko'ina suke a ƙasar nan. Wani zai sani. Buɗe ƙofar a tambaye su gaba ɗaya."

"A bainar jama'a?"

"In ka bi su ɗaya-ɗaya da murya, Larabar baɗi ma ba mu gama ba."

Manu ya dubi Mansura, ita kuma ta dubi rana. Ya ce, "Na buɗe. Amma kai za ka tambaya, kuma da sallama."

Uwar tana tsaye a kansa ya rubuta. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyarsu, sannan ya ce don Allah ko akwai wanda ya san ranar da rijiyar bayan makarantar allo ta rufta a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Mutanen da suka kwana huɗu a kulle suka ɓarke kamar an buɗe wa tumaki garke. Na farko ya ce, "Ikon Allah, Abdulbaqi da sallama!" Na biyu ya ce, "Malam, ka nuna mana abin da ka gwada tukuna." Na uku ya ce rijiyar kakansa ce, ya faɗi ranar har da lokacin. Kafin mu ɗaure komfuta an samu huɗu.

Ran Laraba Mansura ta kunna wa likita. Sunaye suka fito a jere, kowane yaro da ranar allurarsa, biyu kawai aka ware gefe. Manu, da ya raka ta don karɓo sandarsa da ya manta jiya saboda sauri, ya ce a kawo masa yaran biyu ya duba haƙoransu, ba zai kuskure da fiye da wata ɗaya ba. Likita ya ce an gode, shi zai ji da wannan. Ya ba Mansura teburin.

Daga baya Manu da Abdulbaqi suka zauna suka yi ciniki a kan dokoki, kamar yadda ake yi a kan bijimi. Manu ya fara da kwana uku, Abdulbaqi ya taya da babu. Aka daidaita a kan sallama layi ɗaya, ba a tambayar awaki. Mai tambaya ya zo da abinsa a gani. Wanda ya gaji da amsa tambayar da aka yi sau tara ya yi shiru, ya bar wa wanda ya koya jiya. Wanda ya zagi sabon zuwa, Manu yakan nemi garinsu, kuma an san yana zuwa.

Yanzu Manu ya haura saba'in. Gwiwa ta hana shi shiga tsakiyar kara, wani ɗan ƙanensa ne yake riƙe da dillancin, shi yana zaune a zaurensa a Maigatari. Mansura ta sayi wayarta, tana nan a teburinta a Gumel, kuma tana cikin masu amsa wa sababbi. Guruf ya kai mutum ɗari shida da wani abu. Manu ne admin har yau, kuma bai san ko harafi ɗaya na Fayton ba.